Auguste Edouart: Mai almakashin da ya adana kamannin dubban mutane kafin zuwan kyamara

Kafin a ƙirƙiro kyamara, duk wanda yake son ya bar wa 'ya'ya da jikoki kamanninsa sai ya nemi mai zane. Zanen fenti kuwa na masu hannu da shuni ne, domin yana cin kuɗi, yana cin lokaci, mutum kan yi zama da yawa a gaban mai zane kafin a kammala. Saboda haka masu ƙaramin ƙarfi a Turai da Amurka suka karkata ga hoton inuwa. A irin wannan hoto ana fitar da siffar mutum ne ta gefe, baƙa ƙirin a kan farin abu, babu ido babu launin fata, amma duk wanda ya san mai siffar yana gani zai gane shi.

Cikin waɗanda suka yi wannan sana'a, babu wanda sunansa ya yi nisa kamar Auguste Edouart, wani Bafaranshe da aka haifa a 1789, ya mutu a 1861. Ya shafe shekara 24 yana yawo tsakanin Ingila da Scotland da Ireland da Amurka da almakashi a aljihu. Ya yanka hoton sarki da shugabannin ƙasa, ya yanka na ɗalibai da 'yan kasuwa da ƙananan yara. Duk wanda ya tsaya a gabansa sai ya ajiye kwafin hotonsa, ya rubuta sunansa da gari da kwanan wata. Wannan ɗabi'a ce ta mayar da aikinsa taskar tarihi, ita ce kuma ta sa hatsarin jirgin ruwan da ya rutsa da shi a 1849 ya zama babbar asara.

Sana'ar da ya tarar

Turawa suna da tsohon labari kan asalin wannan sana'a. Marubucin Rumawa Pliny ya kawo cewa wata budurwa a birnin Koranti na ƙasar Girka, da ta ga saurayinta zai yi tafiya, sai ta bi inuwar fuskarsa da fitila ta jefa a bango ta zana ta, don ta riƙa ganinsa bayan ya tafi. Dalilin da ya sa wannan budurwa ta yi zanen shi ne dalilin da ya riƙa kai mutane wurin masu hoton inuwa har ƙarni na 19: soja zai tafi yaƙi, ɗa zai yi ƙaura zuwa wata ƙasa, ko tsoho ya kusa barin duniya.

A ƙarshen ƙarni na 18 sana'ar ta kai ƙololuwa. Wani malamin coci a birnin Zurich, Johann Caspar Lavater, ya wallafa littattafai tsakanin 1775 da 1778 yana da'awar cewa ana iya gane halin mutum daga tsarin goshinsa da hancinsa da haɓarsa. Masana sun daɗe da yin watsi da wannan da'awa, amma a zamaninta ta ja hankalin jama'a matuƙa, kowa yana so ya ga abin da gefen fuskarsa ke faɗa a kansa.

A Ingila, gwanayen wancan lokaci da buroshi suke aiki. John Miers, mutumin Leeds wanda ya koma Landan a 1788, yakan zaunar da mutum kusa da fitila na 'yan mintuna, ya bi layin inuwarsa a takarda, sannan ya rage girmanta da wata na'ura, ya zana ta a kan ɗan allon farar filasta. Fentinsa baƙin hayaƙi ne da ake damawa da giya. Fuskar takan fito baƙa sosai, gashi da leshin wuya kuma ya tsarma fentin har su yi shara-shara. Shi ne ya zana mawaƙin Scotland Robert Burns a Edinburgh a 1787. Abokin aikinsa John Field ya shahara da ƙawata gashi da tufafi da ruwan zinariya. Wata mata, Isabella Beetham, a bayan gilashi take nata zanen. Akwai kuma ƙanana da ake yi a kan hauren giwa, a saka a zobe ko abin wuya.

Sunan da duniya ta san irin wannan hoto da shi yanzu, wato silwet, ya samo asali ne daga Étienne de Silhouette, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗin Faransa na 'yan watanni a 1759, ana tsakiyar yaƙi baitulmali ya bushe. Matakan tsuke bakin aljihu da harajin da ya ɗora wa masu kuɗi sun sa aka tsane shi, har aka riƙa liƙa sunansa ga duk wani abu mai araha. Hoton inuwa shi ne mafi arahar hotuna, sai sunan ya bi shi.

Zuwa shekarun 1820 darajar sana'ar ta faɗi. Na'urorin bin inuwa sun yawaita, kowa ya sayi ɗaya ya kafa rumfa a kasuwa ko wurin biki, yana fitar da hotuna barkatai a kan 'yan kwabbai. A wannan hali Edouart ya tarar da ita.

Daga soja zuwa aikin gashi

An haifi Edouart a Dunkirk, birnin da ke bakin teku a arewacin Faransa, a shekarar da juyin juya halin ƙasar ya ɓarke. Ya taso cikin zamanin yaƙe-yaƙe, ya kuma yi aikin soja a rundunar Napoleon. A 1814, shekarar da aka tilasta wa Napoleon sauka daga mulki, Edouart ya tsallaka zuwa Landan, babban birnin ƙasar da ta fi kowa yaƙar ubangidansa.

Baƙo ne, ba shi da dukiya, ga iyali. Ya fara da koyar da Faransanci, amma Faransawa masu wannan aiki sun yi yawa a Ingila a lokacin. Sai ya koma wata sana'a da ake yayi a zamanin, wato haɗa hoto da gashi. Akan kawo masa gashin mamaci, ko na karen da maigida yake ji da shi, ya tsefe shi, ya jera sili-sili har hoto ya fito. Aiki ne mai cin rai, hoto ɗaya kan ɗauki kwanaki masu yawa. Duk da haka ya koya masa haƙuri da lura da ƙananan abubuwa, waɗanda suka yi masa rana daga baya.

A 1825 matarsa ta rasu. A cikin wannan shekara ta baƙin ciki ne rayuwarsa ta sauya hanya.

Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari a littafinsa, wata rana da yamma ya kai ziyara gidan wasu abokan arziki, aka nuna masa hotunan inuwa na 'yan gidan da aka yi da na'ura. Ya kushe su, ya ce ba su yi kama da masu su ba. 'Yan matan gidan suka ƙalubalance shi da ya yi wanda ya fi su in ya isa. Sai ya ɗauki almakashin ɗinki da ke kan tebur, ya yagi bayan wata wasiƙa, ya dubi maigidan ta gefe ya yanka siffarsa, sannan ya shafa wa takardar baƙin da ya lakato daga abin kashe kyandir. Kamar ta fito sosai, har sauran mutanen gidan suka bi layi.

Bai rungumi sana'ar da murna ba, domin yana ganin ta yi wa tsohon soja ƙasƙanci. Amma ya lura tana ɗauke masa hankali daga tunanin rashin da ya yi, tana kuma kawo kuɗi nan take. Ya fara a Cheltenham, garin da attajirai ke zuwa hutu da shan ruwan magani, daga nan ya wuce Bath da Oxford da Cambridge.

Yadda yake aiki

Edouart ya bambanta da sauran 'yan sana'ar ta hanyoyi uku. Na farko, ba ya amfani da na'ura ko fitila. Mutum zai tsaya a gabansa, shi kuma ya riƙe takarda a hannu ɗaya, ƙaramin almakashi a ɗaya, yana kallo yana juya takardar, cikin 'yan mintuna an gama.

Na biyu, ya fi son ya fitar da mutum daga kai har ƙafa. A ganinsa, kamannin mutum ba su tsaya a fuska ba. Yadda yake tsayuwa, yadda yake riƙe sanda ko hula, ranƙwafawar kafaɗa, turowar tumbi, duk suna cikin abin da ake gane shi da shi. Shi ya sa yakan ba likita ko malami ko mai kiɗa abin da ya dace da aikinsa ya riƙe, yara kuma ya fitar da su da kayan wasansu. A Cambridge ya yanka shahararren mai wa'azi Charles Simeon a yanayi daban-daban yana kan mumbari, hannu a sama, hannu a miƙe, ta yadda mai kallo zai ga kamar motsi yake yi.

Na uku, yana adawa da ƙawata hoton da ruwan zinariya ko launi, abin da ya ɗauka ɓata aiki ne. Baƙar takarda zalla yake so, sai dai ɗan farin kwalar riga. Ado kan zo ne a bayan hoton, inda yake liƙa shi a kan takardar da aka zana ko aka buga hoton falo, ɗakin karatu ko bakin teku. Kuɗin hoton mutum a tsaye sule biyar ne, wanda ya fi na masu rumfar kasuwa nesa, amma bai kama ƙafar kuɗin zanen fenti ba.

Sai kuma batun kwafi. Edouart yakan ninka takardar biyu kafin ya fara yanka, saboda haka hoto biyu ke fita a lokaci guda. Ɗaya na mai shi, ɗaya ya liƙa a manyan kundayensa, tare da suna da kwanan wata da gari, wani lokaci har da sana'ar mutumin ko sa hannunsa. Kundayen suna yi masa amfani ta fuskar kasuwa. Idan ya sauka a sabon gari yakan baje su a matsayin talla, mutane su zo su ga manyan da suka tsaya a gabansa. Idan kuma wani ya mutu, danginsa na iya aiko wa a sake yanka musu kwafi. A hankali kundayen suka zama rajistar mutanen zamani guda, wadda babu irinta a hannun wani mai sana'ar.

Sojan Napoleon a gaban sarki

A 1829 ya isa Edinburgh, inda ya zauna shekara uku, ya yanka hotuna kimanin 5,000. Cikinsu akwai na marubuci Sir Walter Scott, wanda ya rasu a 1832, da na gwanin kiɗan gogen Turawa, Niccolò Paganini, wanda ya zo wasa birnin a 1831.

A Edinburgh ne kuma tarihi ya yi masa wani juyi. A watan Yulin 1830 mutanen Faris suka kori Sarki Charles na Goma daga gadon sarauta, ya yi gudun hijira zuwa Birtaniya, aka saukar da shi a fadar Holyrood da ke birnin. Sarkin ɗan gidan sarautar Bourbon ne, gidan da ya koma mulki bayan faɗuwar Napoleon, wato faɗuwar da ta zo daidai da fitar Edouart daga ƙasarsa. Yanzu ga su su biyu a ƙasar mutane, kowa baƙo. Edouart ya shiga fadar ya yanka hoton sarkin da iyalinsa da fadawansa, daga nan ya riƙa tallata kansa a matsayin mai hoton gidan sarautar Faransa.

Wannan lamba ta yi masa amfani, domin raini shi ne abin da ya fi damunsa a sana'ar. Bayan ya koma Ireland, ya yi aiki a Dublin da Cork, sai ya wallafa littafi a 1835 kan hoton inuwa. A ciki ya bayyana ƙa'idojin aikinsa, ya kuma zayyana wulaƙancin da mai wannan sana'a yake sha: waɗanda ke kallonsa kamar ɗan wasan kasuwa, da waɗanda za su sa a yi musu aiki su ƙi biya, da waɗanda ke fushi don almakashi ya fito da hancinsu ko haɓarsu yadda Allah ya yi su.

Turawan Ingila a lokacin da sunan inuwa suke kiran waɗannan hotuna, sunan da Edouart yake ganin ya riga ya zube. Sai ya dage da amfani da kalmar Faransanci a tallansa da littafinsa, ya taimaka ƙwarai wajen kafa ta a harshen Ingilishi. Abin mamaki shi ne kalmar da Faransawa suka ƙirƙira don ba'a ga mai rowa, ita ce ya ɗauko don ya sama wa sana'arsa mutunci.

Shekara goma a Amurka

A 1839 ya tashi zuwa New York. Amurkawa sun riga sun san hoton inuwa. Tun 1802 gidan kayan tarihi na Charles Willson Peale da ke Philadelphia yake da na'urar yinsa, kuma wanda ya fi daɗewa yana sarrafa ta shi ne Moses Williams, baƙar fata da ya taso a matsayin bawa a gidan Peale, ya sami 'yanci, ya yanka fuskokin dubban baƙi. Sai dai waɗancan hotunan kai da kafaɗa ne kawai. Cikakken mutum daga hannun Bafaranshen da ya yi wa sarki aiki sabon abu ne.

Edouart ya bi inda jama'a suke. Ya yi aiki a New York da Boston da Philadelphia da Washington, ya gangara kudu har New Orleans. Da zafi ya yi yakan tafi Saratoga Springs, inda attajirai da 'yan siyasa ke taruwa hutu. A Washington a 1841 ya yanka hoton tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams da na Shugaba John Tyler, da 'yan majalisa da hafsoshin soja masu yawa.

Kundayensa ba su tsaya kan manya ba. A Boston a 1843 ya yanka hoton Laura Bridgman, yarinyar da zazzaɓi ya raba da gani da ji tun tana shekara biyu, wadda ta koyi karatu da rubutu a makarantar makafi ta Perkins, shekaru da dama kafin a haifi Helen Keller. Akwai kuma baƙi daga ƙasashe masu nisa, da 'yan wasa, da malaman makaranta, da iyalai da babu wani littafin tarihi da ya ambace su. A shafin kundi kowa baƙi ne, kowa tsayinsa 'yan inci ne, kowa da sunansa a ƙasa.

Amma zamani riga ne. A shekarar da ya sauka Amurka, a ita ce aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Faris, kuma kafin shekarar ta ƙare ta iso New York. Da farko ba ta zama barazana ba, domin sai mutum ya daɗe a zaune ba motsi, kuma hoton kan fito a kan faranti mai ƙyalli. Cikin 'yan shekaru aka inganta ta, farashi ya sauka, shagunan ɗaukar hoto suka cika manyan titina. Mathew Brady ya buɗe nasa a New York a 1844. Wanda zai iya samun fuskarsa da ido da baki da komai, da wuya ya biya kuɗi don inuwa. A 1849, yana da shekara 60, Edouart ya tattara kundayensa ya nufi gida.

Hatsarin Oneida

Ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Oneida, wanda ya ɗauko auduga zuwa Faransa. A watan Disambar 1849, tafiya ta kusa ƙarewa, jirgin ya daki duwatsu a gaɓar Vazon da ke tsibirin Guernsey, tsakanin Ingila da Faransa. An ceto Edouart da rai, amma mafi yawan kundayen, aikin kusan rubu'in ƙarni, sun tafi ƙarƙashin teku. Kaɗan aka tsamo, wasu ruwan gishiri ya riga ya taɓa su.

Iyalin Lukis, sanannen gida a tsibirin, su suka karɓe shi suka yi jinyarsa. Da zai tafi sai ya bar musu kundayen da suka tsira a matsayin godiya. Mutumin da ya yi shekaru yana jan waɗannan littattafai daga gari zuwa gari, yana tsallaka teku da su, ya koma ƙasarsa ba tare da su ba. Ya zauna a Guînes, wani ƙaramin gari kusa da Calais, ba nisa da inda aka haife shi. Bai sake komawa yawon sana'a kamar da ba, har ya mutu a can a 1861.

Abin da ya rage

Kundayen sun yi shekara kusan 60 a ajiye a hannun zuriyar Lukis. A wajen 1911 suka shiga hannun Emily Nevill Jackson, wata marubuciya 'yar Ingila da ke bincike kan tarihin hoton inuwa. Ta zauna ta jera sunayen da ke ciki, inda na Amurka kaɗai suka kai kimanin 3,800. A 1913 wani dillalin kayan tarihi, Arthur Vernay, ya baje na Amurkan a New York don sayarwa, mutane suka riƙa zuwa suna duba sunayen kakanninsu. A 1921 Jackson ta fitar da littafi a kan aikin Edouart. Yau ana samun hotunansa a gidajen adana hotunan mutane na Landan da Edinburgh da Washington, da kuma hannun masu tara kayan da.

Masu wannan harka sun san cewa yawancin tsofaffin hotunan inuwa da ke yawo a kasuwa ba a san ko na wane ne ba. Za a ga kyakkyawan zane a kan filasta ko gilashi, an yi shi da ƙwarewa, wataƙila da takardar tallan mai zanen a bayansa, amma sunan mai fuskar ya ɓace tun da waɗanda suka san shi suka mutu. Na Edouart da suka fito daga kundayen kuwa da sunayensu suke tafe. Masu binciken tufafi suna amfani da kwanan watan da ya rubuta don sanin irin ɗinkin da ake yayi a kowace shekara. Masu neman asalinsu suna samun siffar kakan da ya mutu kafin kyamara ta iso garinsu. Ga da yawa daga cikin mutanen da suka tsaya a gabansa na 'yan mintuna, wannan baƙar takarda ita ce kaɗai kamanninsu da suka rage a duniya, waɗanda nasu shafukan suka nutse a Vazon kuwa sai dai in kwafin da suka tafi da shi gida ya tsira.